Inabin da Ya Kamata Ya Yi Ciwo

A Bi'ir Ali direban ya sauke ni, ya ce nan ne Madina. Ban yi masa musu ba, don ban san wata Madinar ba. Na tsaya bakin titi da jakata, manyan motoci na shiga suna fita, jama'a cikin farin harami suna shirin tafiya Makka, ni kaɗai ne sanye da kwat. Kwat ɗin kuwa da dalili na sa shi. Ejan ɗin da ya yi mini hanya daga Kano ya rantse cewa ɗakin bincike za a kai ni, inda ake nazarin cututtukan shuka, abin da na karanta ke nan a jami'a. Ya ce wani zai tarye ni da mota. Har rana ta karkata babu mai mota, lambar da ya ba ni kuma ba ta shiga.

Wani dattijo mai farar jallabiya, wanda ya rako 'yar'uwarsa ɗaukar harami, shi ya ji ina ja wa ejan Allah ya isa ni kaɗai kamar taɓaɓɓe. Ya juyo ya ce, "Ya waladi, kai ɗan wane gari ne?" Sunansa Ammi Bakur. A Madina aka haife shi, a nan aka haifi ubansa, kakansa ne ya taho da ƙafa daga ƙasar Haɗeja. Bai tambaye ni komai ba bayan wannan, ya buɗe mini bayan mota.

Na yi 'yan kwanaki a gidansa a Bani Harisa. Idan na gaida 'ya'yansa da Hausa sai su yi murmushi su amsa da Larabci. Uwargidansa ta aiko mini da tuwo da miyar kuka, na ci ina sunkuyar da kai don kada a ga idona. Ammi Bakur ne ya bi diddigi a waya har ya gano kafil ɗina, wato wanda aka yi mini takardar zama da sunansa. Da ya gama magana da shi sai ya ajiye wayar, ya daɗe yana gyara zaman hularsa.

"Tayyib," ya ce. "Shugul akwai. Bas ba ɗakin bincike ba ne, mazra'a ce, gona. Mihnarka, aikin da aka rubuta maka a takarda, amil zira'i, ya'ani lebura."

Na ce ai ina da digiri.

"Digiri yana cikin jakarka, ya waladi. Nan iƙama, takardar zama, ake dubawa. Kana da iyali?"

Na ce ina da mata, Rabi, na baro ta da tsohon ciki, kuma na yi mata alkawarin da na zauna zan aiko ta taho. Sai ya girgiza kai. Ya ce lebura ba ya kawo iyali. Sai an canza masa mihna zuwa fanni, ma'aikaci mai sana'a, wannan kuma ba a hannun lebura yake ba. Da safe ya kai ni Al-Awali da kansa, ya sauke ni a ƙofar wata gona mai doguwar katanga, ya cusa mini ledar dabino a hannu, ya tafi.

Gonar dabino ce, amma daga gabas an yi rumfuna dogaye an ɗora inabi. Ban iya hawan dabino ba, saboda haka aka ba ni jan ganye, kwasar taki da buɗe ruwa. A makon farko tafin hannuna ya yi bororo, ya fashe, ya sake yi. Ɗaki ɗaya muke kwana da wani tsoho mutumin Tawa, Baba Ilu, wanda ya riga yawancin itatuwan gonar zuwa. Da ya ga kwat ɗina rataye a ƙusa ya sa mini suna Muhandis, wato injiniya, sunan kuma ya bi ni har wurin 'yan Bangaladash da muke aiki tare. Tsokana ce, na sani. Amma shi ne ya shafa mini man kaɗanya a hannu, shi ne ya ba ni tsohuwar malfarsa, shi ne kuma yake ɗaukar rabin aikina ranar da rana ta buge ni. In na yi godiya sai ya ce, "Bari, Muhandis. Mu biyu ɗai muke jin maganar juna nan. In ban ruhe maka ba, wa za shi ruhe mini?"

A cikin sanyin shekarar Rabi ta haihu, mace. Aka sa mata sunan mahaifiyata, muna kiranta Ummi. A waya na ji kukanta na farko, ina tsugune bayan ɗakin injin ruwa, don nan kaɗai ne waya ke kamawa sosai. Duk kiran da zan yi, Rabi ba ta tambaya ta yaushe. Sai ta ce, "Ga ta, yi mata magana ta san muryarka." Da ta riƙa tambaya da ya fi mini sauƙi.

Da bazara ta gabato, inabin ya tofo, sai ga cutar da duk mai inabi ya sani. Funfuna ce, tana hawa ganye fari-fari kamar an barbaɗa garin tuwo, daga nan ta sauka kan 'ya'yan, su tsattsage tun ba su nuna ba. Larabawa na ce mata bayad. Maganinta a gonar tun kaka da kakanni farar wuta ce, wadda suke kira kibrit. Baba Ilu ne mai feshinta, ni nake ɗauko masa ruwa. Tana cin ido, tana shaƙe maƙogwaro, idan rana ta yi zafi kuma ta ƙone ganyen da aka je ceto. Haka muka yi shekarar farko, ni da na rubuta jarrabawa a kan wannan cuta ina riƙe da bokiti.

A shekara ta biyu ne Dakta ya zo. Mutumin Sudan ne, siriri, mai yawan shiru, yana aiki da wani ƙaramin kamfani da ya karɓi aron kusurwar gabas don gwada sabon magani. Ina jan ganye na ji yana yi wa wakilin gona bayani, wakilin na hamma. Bakina ya suɓuce na faɗi sunan funfunar irin na littafi. Ya juyo ya dubi malfata, ya dubi takalmin robana, ya yi mini tambaya da Turanci, na amsa. Ya sake yi, na amsa. Kafin la'asar ya roƙi wakili a ba shi aron ni. Ya gaya mini gaskiya, bai yi mini romon baka irin na ejan ba. Ya ce idan gwajin ya nuna abin da suke zato, kamfanin zai faɗaɗa aiki, zai buƙaci fanni a Madina, shi kuma zai sa su karɓe ni daga hannun kafil su canza mini mihna. Idan bai nuna ba, babu abin da zai iya yi mini.

Ranar ban gaya wa Rabi ba. Na daure har kwana uku, sannan na kasa.

Maganin ba guba ba ne. Kowane abu mai rai yana da umarnin gina jikinsa a ajiye cikin ƙwayoyin halittarsa, akwai kuma 'yan aike masu kai wannan umarni inda za a aikata shi. Abin da ke cikin maganin kwaikwayon ɗan aike ɗaya ne na funfunar, wanda ba ta rayuwa sai da shi. Idan ta tsotse shi daga ganye, sai jikinta ya ɗauka baƙo ne ya shigo da sharri, ya bi shi ya yayyaga, ya haɗa har da nata ɗan aiken na gaskiya tunda kamarsu ɗaya. Umarnin yana nan, amma ba mai kai shi. Sai ta kasa yaɗuwa, inabin kuma ko a jikinsa, haka zuma da tsuntsu.

Da na yi wa Baba Ilu wannan bayani ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To, ɗaurin baki ne ke nan. Mu ma can gida akwai masu ɗaure bakin kura. Sai dai su ba su sa sahwar hannu."

Akwai abu ɗaya da ban gaya masa ba, don Dakta ya hana. Ba a sanin magani ya yi aiki sai an ga abin da ya sami wanda bai sha ba. Saboda haka wasu layukan inabin magani nake fesa musu, wasu kuma, nan ɗaya can ɗaya, ruwa ne zalla. Waɗannan aikinsu shi ne su kamu, su yi fari fat, su lalace, don a ajiye su kusa da masu lafiya a ga bambanci. Dakta ya ce kada wani ma'aikaci ya san wanne ne wanne, don mai ban ruwa da mai yankan reshe, in suka sani, hannunsu zai fifita wani ko ba su yi niyya ba. Ni kaɗai nake haɗa tankunan a cikin sito, duka biyun kuma a ido ruwa ne. Wakili ya tara ma'aikata ya ce kusurwar gabas ba mai kai mata kibrit bana. Kowa ya ce ya ji.

Aikin ya fi jan ganye wuya. Maganin ba ya son rana, don haka tun bayan sallar asuba nake goya tanki, in gama kafin ta ɗago. Sannan in bi ganye ɗaya-ɗaya ina dubawa, sannan in koma aikin wakili, don aron ni aka ba da, ba kyauta ba. Dakta a wani gari yake, sai jefi-jefi yake leƙowa.

Sai abin ya fara nunawa. Layukan magani kore shar. Layukan ruwa suka fara ɗigo-ɗigon fari, sannan fari ya haɗe. Wallahi ban taɓa ganin abin da ya yi mini kyau kamar wannan cuta ba. Kullum da yamma sai in je in tsaya a gabansu in yi ta kallo, don tsorona ɗaya ne: kada zafin Madina ya sauko da wuri ya kashe funfunar da kansa kafin Dakta ya kawo mutanen kamfani. Na rame, na daina cin abincin kirki. Abin da Baba Ilu yake gani daga nesa shi ne yaro ya fesa magani a ko'ina, rabi ya ƙi ci, yana tsaye yana kallon asararsa.

Wata yamma ya same ni a can.

"Muhandis, wa'annan sun yi hwari."

"Na gani, Baba."

"Ƙwarai hwa."

"A bar su haka. Don Allah kada kowa ya taɓa su."

Ya dube ni. Ya ce, "Daktan yaushe za shi zo da manyansa?"

Na gaya masa saura mako biyu da 'yan kwanaki. Ya gyaɗa kai, ya tsinke ganye ɗaya ya murza, ya tafi. Na so in kira shi in gaya masa. Amma na riga na ɗauki amana, na kuma ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Bayan kwana biyu ya zo mini da magana a shirye. Ya ce ya roƙar mini wakili hutun ƙarshen mako, ya kuma samo mini kujera a motar da ke kai ma'aikata Umra. "Tun da ka zo ba ka tahi ba. Tahi ka kai kukanka inda ake ji. Mazra'a tana hannuna, halas." Na duba, babu feshi a waɗannan kwanaki. Na ji daɗi har raina, na ce wannan tsoho uba ne.

Na ɗauki harami a Bi'ir Ali, wannan karon ni ma cikin fari. A gaban Ka'aba na roƙa wa iyayena, na roƙa wa Rabi da Ummi, sannan na sassauta murya na roƙi Allah ya ƙara wa layukan ruwa cuta. Ban san ko an taɓa kai irin wannan roƙo wurin ba. Na dawo da ƙafa a kumbure da zuciya a sake.

Kwanaki kaɗan da dawowata na ga farin ya fara dusashewa. Ya koma toka-toka, ya bushe, sababbin ganye suka fito tas. Na ce shi ke nan, zafi ne ya riga mu. Na sanar da Dakta a waya, ya ce zafin bai kai haka ba tukuna, bari ya zo ya gani kafin ya ɗauko kowa.

Ya zo shi kaɗai da hantsi. Muka bi layukan, yana gaba ina baya. Na magani kore, na ruwa ma sun kusa kama su. Ya tsaya, ya juya wani tsohon ganye, ya goga da yatsa, ya kai hanci. Ya miƙo mini. Ni da na shekara ina ɗaukar wa wannan abu ruwa, na yi ta wucewa ta gabansa ban ji ba, don ban taɓa kawo shi a raina ba. Warin ya ragu, amma yana nan. Farar wuta ce, irin wadda ake damawa da ruwa, an fesa ta a tsanake, a kan layukan da suka kamu kaɗai, ba a tsallake ko ɗaya ba.

Dakta bai ɗaga murya ba. Ya zauna a kan bututun ruwa ya cire tabarau, sai na ga shi ma gajiyayye ne kamar ni. Da Turanci muka yi magana. Ya ce shekara guda ta tafi, don inabi sau ɗaya yake tofowa. Ya tambaye ni ina nake lokacin da aka yi. Na ce Umra. Ya ce Allah ya karɓa. Sannan ya ce, "Wane ne?"

Can wajen gindin dabino Baba Ilu yana tsaye da lauje a hannu, yana yi kamar yana aiki. Da muka haɗa ido ya ɗan ɗaga mini gira, fuskarsa cike da murna.

Kowa a gonar ya san halin wakili. In ya ji an karya umarninsa a gaban baƙo, fita ce daga ƙasar ta har abada, ba ya ko sauraron dalili. Kowa kuma ya san Baba Ilu ba shi da sauran buri sai ɗaya, ya mutu a Madina a rufe shi a Baƙi'a. Idonsa ya fara rauni, ba wata gona da za ta ɗauke shi.

Na ce wa Dakta, "Wurin a hannuna yake, kuma ba na nan. Ban ga wanda ya yi ba."

Ya dube ni, ya dubi wajen dabinon, ya mayar da tabaransa. Ya ce zai gaya wa wakili zafi ne ya ɓata gwajin. Amma kamfani dole ya gaya musu gaskiya, kuma ya san abin da za su yi: baɗi za su kai aikin wata gona a arewa, inda suke da ma'aikatansu. Ya ce ya yi baƙin ciki. Ya ba ni hannu, ya riƙe ya ɗan jima, sannan ya shiga mota.

Na tafi bayan ɗakin injin ruwa na kira Rabi. Na ce abin bai yiwu ba bana. Ina jin Ummi na buga wani abu a kwano. Ta ce, "Allah ya sa haka ne mafi alheri. Ka ci abinci?" Na ce na ci. Na zauna a wurin har inuwa ta bar ni. Ba zan ɓoye ba, na ji haushin tsohon nan irin wanda ban taɓa ji wa ejan ba. Ejan ya cuce ni yana sane, na san inda zan ajiye shi. Wannan kuwa ban san inda zan kai ƙararsa ba. Na tashi da niyyar in gaya masa komai, in ga yadda fuskarsa za ta yi.

Na same shi a ƙofar ɗaki ya dafa shayi, ya ajiye kofi biyu. Ya jawo ni kusa, ya waiga hagu da dama.

"Na ga har hannu ya ba ka. Ya riƙe, bai saki ba."

"Ya ba ni, Baba."

"Alhamdu lillahi. Ai na ce ba za ka ji kunya gaban mutane ina numhwashi ba." Ya ƙara rage murya. "Ni na yi. Ranar da ka tahi. Kahin wakili ya hito na gama, na wanke tanki na maida. Bayana har yanzu shina ciwo. Maganinka shina da kyau, Muhandis, rabi ya ci. Baɗi ka ƙara mishi ƙarhi."

Yana zuba shayin, bayan hannunsa duk ya yi ja inda kibrit ta ci. Duk maganar da na shirya tana bakina.

"Yanzu sai iyali, in sha Allahu," ya ce. "Yaushe za su zo, in ga jikata?"

Na ce, "Sai a hankali, Baba. Takardu suna ɗaukar lokaci."

"Haka ne, haka ne. Amma kada ka hwaɗa ma kowa abin ga."

"Ba zan faɗa ba."

"Ba sai ka yi godiya ba."

Na ce, "Na gode, Baba. Allah ya rufa maka asiri." Na ɗauki kofin na sha, ya yi sukari da yawa.

Washegari aka mayar da ni jan ganye. Ummi ta fara tafiya a waya, ta fara magana a waya. Duk bayan 'yan watanni Baba Ilu sai ya tambaye ni labarin takardu, in ce ana nan ana yi, ya zagi masu ofis, in taya shi. A bazara ta biyu bayan haka ya kwanta, bai daɗe ba ya cika. Aka yi masa salla a Harami aka wuce da shi Baƙi'a. Ina cikin waɗanda suka ɗauke shi, ba shi da nauyi ko kaɗan. Ko a lokacin, da an ce in rantse na gama yafe masa, sai na yi jim. Amma har aka rufe shi bai sani ba.